Igiyar da na shimfiɗa gaban sufeto

Yaya Mamman,

Gaisuwa mai yawa daga Buza. Ina gajiya, ina sanyin Amurka? Yaya Anti Rabi da yara? Inna lafiya lau, ƙafar ta yi sauƙi.

Albishirinka, na ci jarrabawar koyarwa! Sufeto ya zo ranar Talata, darasina kuwa tarihin ƙasarku ne, lokacin da Amurka ta sayi makeken fili hannun Faransa, anka yi ta rigima ko za a kai bayi can. Sai na fitar da ɗalibai waje, na shimfiɗa igiyar rijiya a ƙasa. Na ce arewa da igiya ba bauta, kudu da ita akwai, kamar yadda Amurkawa sunka daidaita. Na raba ɗaliban gida biyu, kowa ya kare gefensa. Gardama ta yi daɗi, sufeto na ta rubutu.

Sai Zalika, wata ɗalibata 'yar Karofane, ta ƙi shiga kowane gefe. Ta ce, "Madam, a garinmu ba a dasa gambar iyaka sai mai gona na tsaye. Waɗanda anka iske a filin, wa ya kira su?"

Yaya, wallahi na manta da su, 'yan asalin wurin. Na ce, "Ba a kira su ba. Tsaya nan, ke ce a madadinsu, ki yi magana." Ta yi, har sufeto ya aje alƙalami yana saurare.

Don Allah ka tambayo mana su wa ke da unguwarku tun asali. Zalika na jiran amsa. A sa ni a addu'a, a gaida kowa.

Ƙanwarka,
Hadiza