Ruwan Wankin Inna

Zuwa ga Inna,

Bayan gaisuwa mai yawa, yaya ƙafar? Allah ya ƙara sauƙi.

Inna, mu huɗu muka haɗa kai, muka samu takardar izinin sake aiki a tsohuwar mahaƙar zinaren nan da kamfani ya bari. Wata biyu muna wanke tulin ƙasar bakin rami, abin da muka samu bai cika murfin kwalba ba. Abokaina sun ce sai dai mu shiga ramin. Mun sayo igiya da fitilu, Asabar ta sama za mu sauka. Na san can Baba ya rasu, shi ya sa ban so ki ji a bakin wani ba. Ki sa mana albarka.

Ɗanki, Auta.

*

Auta,

Na amsa gaisuwa. Ƙafa da sauƙi, wasiƙarka ce ta hana ni sakat.

Igiya da fitilu, wai! Su mahaifinka da katakon tokare da injin zuƙe ruwa suka shiga, duk da haka ramin bai dawo mini da shi ba. Ban yarda ba. Tsoro nake ji, Auta, kai kaɗai gare ni namiji.

Amma ba zan ce ka taho hannu rabbana ba. Ka manta sana'ata? Shekara goma sha tara ina yi wa kamfanin nan wanki, har da bargunan da ake shimfiɗawa a kwararon wanke ƙasa don su kama zinare. Ma'aikata su ɗauraye su sama-sama, su jibgo mini. A bayan ɗakin injin akwai dakalin siminti mai tsaga a gefe, ruwan wankina duk cikin kwarin da ke ƙasansa yake gangarawa. Sau nawa ina ganin gindin baho na ƙyalli! Na faɗa wa shugaban ma'aikata, ya yi dariya, ya ce in ji da sabuluna.

Ku haƙa nan tukuna. In babu komai, ka zo kai ma ka yi mini dariya, amma da ƙafarka.

Allah ya tsare. Innarka.

*

Inna,

Ina gaisuwa. Ki yafe shirun mako uku, ba hutu.

Da na karanta musu wasiƙar, Dogo, babbanmu, ya ce yanzu ruwan sabulu za mu bi? Ciyawa ta rufe dakalin, da kyar muka gano tsagar. Taku biyu muka haƙa muka tarar da baƙar laka. Kaskon farko Dogo ne ya wanke. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Ka gaishe mini da Inna."

Ba arziki ba ne na a zo a gani, amma kullum muna samu, kuma kwarin zai kai mu shekara. In ya ƙare, su dai har yanzu idonsu na kan ramin.

Na sayo miki maganin ƙafa. Me kuma kike so?

Ɗanki, Auta.

*

Auta,

Alhamdu lillahi. Ina amsa gaisuwar Dogo. Kafin shekara na tuno muku inda matar da ta gabace ni take nata wankin.

Igiyar nan da kuka saya nake so. Ta shanyata ta tsinke. Ka kawo ta da kanka, dukkanta.

Innarka.