Dodon da Bai Gama Gaisuwa Ba

Zuwa ga maigidana Modu,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya a can inda aikin soja ya kai ka. Ni ce dai kakarka, amaryarka ta Yerwa, wadda ka tafi ka bar wa rigima a maimakon cefane.

Wasan nan naka nake nufi, na takarda da ɗan ludo mai fuska barkatai. Ka tuna ranar da ka zaunar da ni a gindin darbejiya, ka ce mai tatsuniya ita ta dace ta riƙe labarin ta yi alƙalanci? Na yarda, don ba ka gaya min da littafin dokoki yake tafe ba, kuma na Turanci. Ni da na tsaya a ajin yaƙi da jahilci.

Ka san inda ka bar mu. Jaruminka na kwance a kogo, ransa saura ƙiris, dodo na tsaye a kansa da gatari. Jifa na dodo ne, ɗan ludo zai faɗi ko saran ya same shi. Washegari aka kira ku.

Tun daga nan ƙannenka suka hana ni sakat. Falmata ta ce bokanyarta ta cikin wasan za ta warkar da jarumin naka. Bukar ya buɗe littafi ya ce sihiri sai da baki da hannu biyu, bokanyar kuwa an ɗaure mata harshe, ga garkuwa a hannu. Ta ce to ta yar da garkuwar ta ɗaga laya. Ya ce yarwar ma aiki ce, kuma aiki ɗaya ake yi a jifa ɗaya. Wane marar abin yi ne ya rubuta wannan? Mace na daka tana goyo tana korar akuya, amma bokanya guda ba za ta iya abu biyu ba?

Bukar so yake a jefa a huta. Sai na kama shi da dokarsa. Na ce dodon nan ɗan Yerwa ne, ba zai sari mutum bai gaishe shi ba, gaisuwa kuma aiki ce. Duk zaman da muka yi, a gaisuwar nan jifan dodon ke tafiya. Ya yi wushe, wato sannu irin ta garinmu, ya tambayi gida, ya tambayi zafi, ya tambayi 'yan kasuwar Gamboru da shanun Dusuman. Bukar ya bi littafin shafi-shafi bai ga inda aka hana ba. Yana ta kumbura, amma na lura in rediyo ya fara labarin wajenku, shi ke tura ɗan ludon ƙarƙashin tabarma.

Modu, mutanen da dodon zai tambaya sun kusa ƙare min. Kai kuma shiru tun kafin damina. Ba zan jefa a kanka ba, ba kuma zan bar kowa ya jefa ba.

Allah ya tsare min kai gaba da baya, ya kau da bakin bindiga daga inda kake, ya dawo da kai ka amsa gaisuwar nan da bakinka.

Taka mai jiran cefane,
Kaka