Ƙwayoyin da ke cikin safar Baba

Yaya,

Na fita neman mota, ban iya jiran dawowarka ba. Baba yana kwance a ɗakinsa.

Ɗazu jiri ya kwashe shi a ƙofar banɗaki. Ina gyara masa shimfiɗa sai na ci karo da safa a ƙarƙashin katifa, cike da maganin hawan jininsa, mai tsadar nan da aka haɗa biyu a ƙwaya ɗaya. Ashe ba ya sha. Sai ana saura kwana uku ganin likita yake farawa, don awo ya yi kyau. Mu kuma muna ta hamdala.

Na tsare shi da tambaya. Wai ranar da kuka je kyamis ya ji kuɗin da mai magani ya faɗa, ya ga ka juya baya kana laluben aljihu. Tun ranar yake tarawa, wai in sun yi yawa ya ce maka kada ka sayo na wata biyu, ka huta.

Na ɗaga masa murya, Allah ya yafe mini. Kai don Allah kada ka yi masa faɗa. Ka sa masa riga, ka riƙo safar, likita ya gani da idonsa.

In ya nemi ruwa, kai za ka riƙe masa kofin. Hannunsa na hagu ba ya ɗaguwa, kuma yana tsammanin ban lura ba.

Ƙanwarka