Waken Inna a Gwangwanin Madara

Zuwa ga Yayata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da yara. Allah Ya ƙara sauƙin ciwon gwiwar nan, ki daina hawa bene kamar wata 'yar shekara ashirin. Mu nan lafiya lau. Baba yana samun ƙarfi, har ya koma faɗa da rediyo. Ni ce dai raina a ɓace, kuma ba ni da wanda zan gaya wa sai ke.

Kin tuna waken nan mai ɗigo-ɗigon ja da Inna take adanawa a kwalba da toka, wanda muka raba bayan rasuwarta? Nawa kason na kai makaranta. Kin san ajina, yara ashirin da huɗu, babbansu shekara biyar. Kowa ya zo da gwangwanin madara, muka huda gindinsa da ƙusa, suka cika da ƙasa da hannunsu, kowa ya tura ƙwayarsa da ɗan yatsa. Muka jera a bakin taga. Kullum da safe sai su auna tsiron da tsinken tsintsiya, su karya tsinken daidai tsawonsa. Waɗanda nasu bai fito ba muka tone muka duba, suka ga yadda iri yake ruɓewa idan an cika masa ruwa. Tsiron duk sirara ne, wasu a karkace, amma kowane yaro ya san nasa.

Akwai wata yarinya da muke kira 'Yar Shiru, wadda ta yi wata biyar a ajina ban ji muryarta ba. Nata ne ya fito a ƙarshe, da ganye ɗaya a yage. Ranar da ya fito ta ja zanena ta ce in zo in gani, kuma wannan ce maganarta ta farko da ni. Ta zare jan zare daga gefen ɗankwalinta ta ɗaura masa.

To, sai aka sa ranar da iyaye za su zo ganin aikin yara. Kin san Autarmu ita ce mataimakiyar mai makaranta yanzu, aikin da ni na yi ta sintiri a kansa har aka ɗauke ta. Ta shigo ajina ta ce tsiron nan abin kunya ne, iyaye za su ce ba a kula. Na ce mata na yara ne, kuma waken Inna ne, kada ta taɓa. Ta yi dariya ta ce ta ji. Ashe ranar Asabar ta zo da mai sayar da shuke-shuke, suka juye gwangwanayen duka a bayan katanga, suka dasa wasu manya-manya kore shar a cikin gwangwanayen. Kafin Litinin awaki sun cinye namu.

Ranar Litinin ɗin, da iyaye suka cika ajin suna ta yabo, 'Yar Shiru ta ɗauki gwangwaninta ta juya shi, ta nemi zarenta ba ta gani ba. Sai ta ɗaga murya gaban kowa ta ce wannan ba nata ba ne. Auta tana tsaye kusa da mai makaranta, ta kafe ni da ido. Yaya, sai na ji bakina yana cewa nata ne, girma ya yi a hutun ƙarshen mako. Na yi ƙarya don in rufa wa ƙanwata asiri. Yarinyar ta dube ni, ta ajiye gwangwanin, ta koma kujerarta.

Na sami Auta daga baya, ta ce wai in gode mata, ta fitar da ni kunya, wake ai wake ne. Wallahi da bare ne ya yi mini haka da ban ji zafinsa kamar yanzu ba. Ita da muka zauna tare muna tsince waken nan a gaban Inna! Ba ta ma tsaya ga zubar da shi ba, sai da ta sa ni na ci amanar yarinyar da ta yarda da ni. Yau kwana tara 'Yar Shiru ba ta ce mini uffan ba. Idan na miƙa mata kofin ban ruwa sai ta ɓoye hannunta a baya.

Abin da nake roƙo shi ne, idan da sauran kasonki, ki aiko mini ko ƙwaya uku ne. Zan tsaya gaban ajin in ce Malama ta yi ƙarya, 'Yar Shiru ce mai gaskiya, sannan in sa mata a tafin hannu. Ban sani ba ko za ta buɗe hannun.

Ki gaishe da maigidanki, da Babban Yaya idan ya leƙo, da takwarata da 'yan biyu. Baba da Gwaggo suna gaishe ki. Auta ma ta ce in saka gaisuwarta, to ga ta nan na saka.

Taki har kullum,
Ƙanwarki Malama