Fasfo Uku, 'Ya'ya Huɗu

Assalamu alaikum, Anti Khadijatu. Don Allah ki taimake ni, kada ki sa wasiƙata a bayan layi, domin kwana goma sha tara suka rage mini kuma na rasa tudun dafawa. Ki yi haƙuri da Hausata, ta Makka ce.

A nan aka haife ni, haka ma mijina Abdulbaƙi. Kakanninmu ne suka zo daga Kano, mu muna da takardunmu na 'yan ƙasa, muna zaune a Rusaifa. 'Ya'yana huɗu: Taha mai shekara takwas, Lujain bakwai, sai Talal da Manar masu biyar-biyar. Duk unguwa tagwaye ake ce musu. To Anti, ba tagwaye ba ne. Manar ba ni na haife ta ba.

Mahaifiyarta Kabira ta zo aikin Hajji ne ta zauna ba iƙama, wato takardar izinin zama. Tana sayar da fura a Misfala, lokacin Hajji kuma ta tafi girki Arfa. A wajen furar muka saba har muka zama tamkar ya da ƙanwa. An kama mijinta an mayar da shi gida tana da ciki, lambarsa ma ta daina shiga. A ɗaki ta haihu don tsoron a tambaye ta takarda, jini ya ƙi tsayawa, ko suna ba a yi ba Allah ya karɓi abarsa. Lokacin Talal yana da wata biyu. Na ɗauko jaririyar na sa ta a nono, wannan dama, wancan hagu. Abdulbaƙi ne ya raɗa mata suna, shi ya yanka ragon. Malamai sun ce mana 'yarmu ce ta shayarwa. Amma a takarda babu wani mahaluki mai suna Manar, ko shaidar haihuwa ba ta da ita. Shekara biyar kullum muna cewa bayan Hajji za mu nemi hanya, Hajji biyar sun wuce. Ita kuma ba ta san komai ba.

Mijina a otal yake aiki kusa da Harami. Shekara goma sha biyu yana ɗawainiya da baƙin da suka zo daga ko'ina, shi bai taɓa leƙa ko'ina ba. Bana ya samu hutu daidai da hutun makaranta na lokacin sanyi, sai ya yi abinsa a ɓoye, wai zai ba mu mamaki. Muna cin abincin rana ya zaro takardu a gaban yara, ya ce ƙasar Jojiya za mu je mu kwana tara, su ga dusar ƙanƙara da idonsu. Yara suka dinga ihu suna tsalle. Na karɓi takardun na ƙirga sunaye biyar, babu na Manar. Na dube shi, ya sunkuyar da kai.

Sai ni ma na tafka tawa. Muka je sayen rigunan sanyi, Manar ta rungume wata ja ta ƙi saki. Ya zan saya wa uku in hana ɗaya? Na saya. A mota ta tambaye ni ko za a bar ta ta zauna jikin taga a jirgi, bakina ya riga hankalina, na ce mata eh. Yanzu kullum sai ta sa rigar a cikin zafin Makkan nan ta tsaya gaban na'urar sanyi, wai tana koyon jure wa ƙanƙara. Ta yi wa Talal alƙawarin za ta ba shi aron tagar idan ya daina cin zalinta. Ni kuwa sai in shige kicin in kunna famfo in yi kukana.

Abdulbaƙi ya ce a bar ta wajen mahaifiyarsa Hajo, ranar tafiya a ce mata jirgi ya cika, idan mun dawo a cika ta da tsaraba. Ya ce yaro ne, mantuwa gare shi, kuma ba zai hana uku abin da ya daɗe yana yi musu buri saboda abin da ba shi ya jawo ba. Mun yi faɗan da ba mu taɓa yi ba, har na ce masa da 'yar cikinsa ce da bai manta ta a lissafi ba. Ya yi kwana biyu ba ya cin abincina. Na san na zalunce shi, don shi ne mai goya ta a wuya zuwa masallaci.

Ƙanwarsa Ikhlas kuma ta zo da tata dabarar: a ɗauki fasfon 'yarta Nora, tunda sa'anni ne kuma suna kama, wai masu dubawa ba sa bambance fuskokin yaranmu. Anti, kunya nake ji, amma fasfon yana cikin jakata yanzu haka. Na fi sau goma ina buɗe shi ina kallon hoton.

Kuma kada in ɓoye miki, ni ma ina son tafiyar nan. Ban taɓa hawa jirgi ba. Wani lokaci har haushin yarinyar nake ji, sai in tuna Kabira in ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Idan na tafi na bar ta, da wane ido zan kalle ta? Idan na hana tafiyar, mijina da sauran yaran ba za su yafe mini ba. Ki gaya mini abin yi, kaina ya kulle.

Uwar Huɗu, Rusaifa, Makka

Wa'alaikumussalam, Uwar Huɗu.

Kafin komai, tashi ki mayar wa Ikhlas fasfon 'yarta yau ɗin nan. Na san ƙauna ce ta sa ta kawo shi, amma wannan ba dabara ba ce, rami ne. Idan asiri ya tonu a filin jirgi, ko a nan ko a can, yarinyar da kike tsoron rabuwa da ita na kwana tara za a iya raba ku da ita gaba ɗaya, ga Nora da iyayenta kin jefa su cikin bala'i.

Sannan ki ba mijinki haƙuri. Ya yi kuskure da ya yi shelar tafiya a gaban yara bai shawarce ki ba, amma mutumin da ya yanka wa marainiya rago ya goya ta a wuya bai cancanci maganar da kika yaɓa masa ba. Gajiyarsa gaskiya ce, burinsa ma halal ne. Inda ban bi shi ba shi ne zancen jirgi ya cika. 'Yar shekara biyar ta iya ƙirga. Za ta ga jirgin ya ɗauki Talal da suke kwana a gado ɗaya, ita kaɗai ya rasa wa wuri. Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma wata rana za ta gane dalilin da kanta.

Ga shawarata, ba mai daɗi ba ce. Idan za a iya ɗaga tafiyar, a ɗaga. Idan ba za a iya ba, Abdulbaƙi ya tafi da Taha da Lujain, ke ki zauna da ƙananan biyu. Manya sun bi Baba, ƙanana suna tare da Mama: wannan rabo ne da kowane yaro ya sani, zai yi kuka ya share hawaye. Ki faɗa musu tun yanzu, su biyun tare, kada ki bari sai an fito da akwatuna. Ki ce wa Manar kin yi mata alƙawarin taga ba ki tabbatar ba, ki nemi afuwarta. Na san Talal zai yi rashi, ke ma haka, kuma ba laifi ba ne don kin ji zafin abin. Amma ku kuna da fasfo, jirgi ba zai ƙare ba.

Yanzu babbar maganar. Matsalarku ba Jojiya ba ce. Baɗi Talal zai sa kayan makaranta, ita fa? Ranar da za ta kwanta ciwo mai tsanani fa? Ni ba lauya ba ce, ba zan yi miki alƙawarin hanya mai sauƙi ba. Amma cikin makon nan ku je ku ga lauyan da ya san sha'anin takardu da riƙon marayu, ku ji ta inda za a fara da abin da ya kamata ku kiyaye. Ku nemo matar da ta karɓi haihuwar da duk wanda ya san Kabira tun suna raye, ku sa a yi cigiyar mahaifin ta bakin mutanen garinsu. Kada a sake cewa sai bayan Hajji.

Ki kuma fara gaya mata gaskiya kaɗan-kaɗan, daidai hankalinta: tana da uwa biyu, wadda ta haife ta ta koma ga Allah, da wadda ta shayar da ita. Ki koya mata sunan Kabira ta riƙa yi mata addu'a. Gara ta ji a kan cinyarki da ta ji a bakin 'yan unguwa.

'Yar'uwa, Manar za ta manta ƙanƙarar da ba ta gani ba. Abin da ba za ta taɓa mantawa ba shi ne ranar da duk gidansu suka shiga mota, aka rufe ƙofa tana tsaye a waje. Kada ki bari ranar nan ta zo.

Allah ya jiƙan Kabira, ya sanyaya zuciyar maigidanki, ya buɗe wa yarinyar nan hanya, ya saka miki da abin da ya yi wa masu riƙon maraya alƙawari.

Anti Khadijatu