Kazar Ta Warke, Inna

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Ta-Bakori,

Gaisuwa irin ta ɗa da uwa, da fatan ƙasa ta yi miki sauƙi. Bayan haka, albishirinki: maɗorin nan naku na ƙauye, Kawu Ɗantsoho, har yau ba shi da na biyu. Gwani ne, na sara masa. Kazar da ya karya wa ƙafa saboda ni ta warke sumul, tana tsere da 'yan'uwanta a tsakar gida, jiya ma ta yi ƙwai. Ni kaɗai ne na ɓata masa aiki.

Ba ki da labari, bari in faro miki. A kakar audugar nan na faɗo daga saman lori a hanyar Malumfashi, muna kawo kaya wurin gurza a Funtuwa. Ƙwaurina na hagu ya karye, har ƙashi ya leƙo waje ya ga duniya. Ni da nake sayen auduga a hannun manoma, in duba buhu in gane an yayyafa masa ruwa tun kafin ya hau sikeli, sai ga ni kwance kan tabarma ana ciniki a kaina. Direba ya ce asibiti, dangi suka ce Allah ya kiyaye. Maganarki ce ta raba gardama, ke da ba kya nan. Kowa ya tuna kina cewa, "Asibiti, mai ƙafa biyu ke shiga, mai sanda ke fitowa."

Kawu ya zo da kararensa da man shanu da tsumma. Ya ja, ya ɗaure, ya yi tofi. Sannan ya kama kazar Delu, matata, ya ɓalla mata ƙafar hagu, ya ɗora mata kamar yadda ya yi mini. Ya ce ranar da ta taka, ni ma na taka, kuma kada a kuskura a yanka ta sai na tsaya da ƙafafuna biyu.

Daga ranar masu dubiya suka koma duba kaza. Mutum ya shigo, ya leƙa akurki, ya ce alhamdu lillahi ana samun sauƙi, ya juya. In na ce ɗaurin ya yi tsauri, a ce haka ɗori yake. In na ce yatsuna sun daina ji na, a nuna mini kaza tana ɗingishi, a ce ga shi nan tafe.

Ban ga laifinsu ba, Inna. Ni ma na yarda. Ina tuna sa'ad da na faɗo daga bishiyar ɗorawa ina yaro, kika goya ni, ƙato da ni, har gidan Kawun nan, kina tafe kina zagina kina kuka. Da hannun da ya ɗora a lokacin nake rubuta miki wannan. Amma waccan karayar ba ta huda fata ba.

Wari ne ya tona. Lamidi, Bayeraben nan mai tireda kusa da tasha, ya zo gaishe ni, bai ko zauna ba ya fita ya nemo malamin asibiti. Da aka kwance tsumman, Delu ta fita da gudu. Yatsu sun yi baƙi kamar an tsoma su a marina. Malamin bai yi faɗa ba. Ya ce sai Kano, wurin likitan ƙashi, kuma kada Talata ta wuce.

To, shiri muke. An ce in wanke ƙafar da ruwan gishiri, kada a ƙara shafa mata komai, ko tofi. An ce in tafi da mai jinya da tabarmarsa. Lamidi ya ce za su ɗauki hoton ƙashin tukuna, kuma in likita ya tambayi tun yaushe, in faɗi gaskiya, can ba kasuwa ba ce da ake rage farashi. Ya ce wani lokaci sukan ceto ƙafa. "Wani lokaci" ɗin ya faɗa yana kallon rufin ɗaki.

Delu ta farke wandona na salla daga gwiwa zuwa ƙasa don ya shiga. Ɗazu na gan ta tana haɗa kaya, ta sa takalmin dama a ƙunshi, ta tsaya riƙe da na hagu. Na yi kamar barci nake.

Inna, ƙafar nan ce kike shafa wa man kaɗanya in kaushi ya tsattsage ta, kina cewa yawo zai kashe ni. Ina jin tsoro. Ban faɗa wa kowa ba sai ke. Ban zo da ƙara ba. Abin da kika gani a zamaninki shi kika faɗa.

Allah ya ji ƙanki, ya yalwata makwancinki. Ya sa hannun likitan nan ya zo da rahama, in kuma an rubuta rabuwa, ya ba ni haƙurin da ban taɓa saye ko sayarwa ba. Amin.

Saura abu ɗaya da ya ɗaure wa gidan nan kai. An ce ba a yanka kazar sai na tsaya da ƙafa biyu. In na dawo da ɗaya fa, ta ci banza ke nan?

Naki, ɗanki,
Sule na kasuwar auduga