Rigar Sanyin Baba da Na Warware

Anti, don Allah ki taimake ni da shawara. Kwana tara ke nan ina juya magana ɗaya a raina, na rasa ta inda zan kama ta. Amma kafin in kawo kukana bari in fara da godiya, don ke ce silar alherin da na samu, ko da yake a tsakiyar alherin ne na tafka ɓarnar da ta sa na rubuto miki.

Bara kin ba wata baiwar Allah amsa a wannan fili, wadda ta cika ɗakinta da kayan da ba ta amfani da su, kika ce kada ta ƙara sayen komai sai ta ga ƙasan akwatinta. Da na karanta sai na ji kamar ɗakina kika leƙo. Ni mai saƙa ce, ina ɗan taɓa ɗinki kuma, duk a wurin mahaifiyata na koya. Ina da ciwon nan na masu saƙa, ba na iya wuce shagon zare in kau da kai. Sai in fita sayen allura ɗaya in dawo da leda cike da ulu, in tura ƙarƙashin gado kafin maigidana ya shigo. Saman kabad zare, bayan ƙofa yadi. Wata rana bawan Allah yana neman takalminsa ya jawo buhun ƙyallaye, ya tsaya yana kallona, ya tambaye ni ko a shago muke kwana ne ba a gaya masa ba.

Da Allah ya yi wa Mama rasuwa, 'yan'uwana suka ce tunda ni kaɗai na ɗauki sana'arta, in kwashe kayan saƙarta da na ɗinki. Akwati uku da buhu biyu, Anti. A nan na gane inda na samo halin. Na haɗa nata da nawa, na ɗauki alkawari tsakanina da kaina cewa ko zare ɗaya ba zan saya ba sai na ga bayansu.

Wallahi ban taɓa jin daɗin sana'ata kamar a watannin nan goma ba. Mama ba ta yar da ƙyalle ko da bai fi tafin hannu ba, kowane launi ta ɗaure shi daban da tsumma. Ina kwance ɗauri sai in ga guntun rigar makarantata, ko ragowar labulen da muka tashi muna ɓuya a bayansa. Na haɗa su na yi zanen gado, na yi rigunan matashi, na saƙa wa yaran gidanmu huluna da safa har sun fara guduna idan suka hango ni da tef. Launukan da a da nake cewa ba sa haɗuwa, da babu yadda zan yi sai na haɗa su, suka kuma fito da kyau. Ɗaki ya yi fili, maigida ya daina tuntuɓe, ni kuma kullum ji nake kamar Mama na zaune kusa da ni tana cewa in ƙara matse hannu. Na gode wa Allah, na gode mata, na gode miki.

To ga ɓarnar. A ƙasan akwati na uku na tarar da wata leda, a ciki akwai rigar sanyi mai ruwan toka da ba a gama ba. An gama bayan, gaban ya kai rabi, tsinken saƙa na soke a jiki. A wurinmu masu saƙa, abin da ba a gama ba zare ne kawai. Mama da kanta takan warware abu sau uku idan bai yi mata ba. Lokacin matar ƙanena ta haifi tagwaye, ina neman zare mai laushi, ga shi na ce ba saye. Ko tunanin rigar waye ban yi ba. Na zare tsinken, na ja zaren, na naɗe shi a bayan kujera, na jiƙa a ruwan ɗumi don ya miƙe, na shanya. Na saƙa ƙananan riguna biyu da hulunansu, har ina yaba kaina da iya tattali.

Kwana tara da suka wuce na je gida in rataya wa Baba labule. Baba tsohon mai gyaran agogo ne, mutum ne da zai yini bai yi magana goma ba. Ina kan kujera ina fama da ƙarfen labule sai ya tambaye ni, murya ƙasa-ƙasa, ko a cikin kayan da na kwasa na ga wata riga mai ruwan toka. Ya ce ya daɗe yana son tambaya, bakinsa ne ya kasa. Ya ce shi Mama take saƙa wa, da hannunta ta auna masa baya ba da tef ba, tana tsokanarsa wai tumbinsa zai cinye mata zare. A gefensa take zama da ita a baranda kowace yamma har makon da aka kai ta asibiti. Ya ce ba so yake in ƙarasa ba, kada ma in taɓa ta. Yadda ta bar ta yake so, da tsinken a jiki, ya ajiye a ɗakinsa.

Anti, nan take na gane rigar da yake nufi. Na ce masa zan duba. Ban taɓa yi wa mahaifina ƙarya ba sai ranar. Abin da ya fi ci mini rai, ya ɗauki tagwayen nan suna sanye da rigunan, har ya ce na iya aiki.

Yanzu hanya biyu nake gani. Na leƙa shagon zare na ga wani mai kama da shi sosai, sai an kai rana za a ga bambanci. Maigidana ya ce in saya in saƙa rabin riga, in soke tsinken in kai masa, tsoho ya samu abin da zai riƙe, magana ta mutu. Ko kuma in karɓo rigunan tagwayen in warware, in mayar da zaren ainihi. Saƙar Mama a matse take, tawa sako-sako, amma zan iya kwaikwayonta. Karya alkawarin saye bai dame ni ba. Tsoron da nake ji shi ne in gaya masa gaskiya ya dube ni da idon da bai taɓa dubana da shi ba. Yaya zan yi?

'Yarki, Mai Kwarashi

'Yata Mai Kwarashi,

Na ji daɗin wasiƙarki, kuma godiyar da kika yi mini ki mayar wa kanki, don ke kika riƙe alkawari wata goma. Mahaifiyarki ta bar miki kaya, kin mayar da su abin rufa da abin sawa a jikin jikokinta. Kada wannan kuskure ya sa ki manta da hakan.

Kuskure ne kuwa, ba zan ɓoye miki ba. Ba warwarewar ba ce laifin, rashin tambayar ne. Rigar namiji a akwatin matar da mijinta ke raye, ai da kin ɗan tsaya da kin gane. Amma ba da mugun nufi kika yi ba, da idon sana'a kika kalle ta, shi kuma da idon miji.

Maigidanki tausayi ne ya sa ya ba ki waccan shawara, kuma na fahimce shi. Tsoho mai kewa, wa zai so ya ƙara masa? Sai dai ki yi tunani. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana duba cikin agogo, ya kuma shafe shekaru a gefen mace tana saƙa, kina jin ba zai gane hannun matarsa ba? Zai gane. Kuma don ke 'yarsa ce, zai karɓa ya yi miki godiya ya yi shiru. Daga nan sai ku zauna ke kina ɓoye masa, shi yana ɓoye miki ya gane, har ƙarshen zamanku. Rigunan tagwaye ma ki bar su a jikinsu. Ko kin mayar da zaren ainihi, ba zare yake nema ba, inda hannunta ya tsaya yake nema, wannan kuwa ba ya dawowa.

Ki je cikin makon nan, ke kaɗai. Kada ki ɗauki jariran ki sa a gaba don su tare miki. Ki zauna a ƙasa kusa da shi ki faɗa masa abin da kika yi, tun daga ledar har zuwa ƙaryar da kika yi a kan kujera. Kada ki ce masa ai zare ne kawai, kada kuma ki yi ta kuka har ya koma shi ne mai lallashinki. Idan ya yi fushi, haƙƙinsa ne. Idan ya yi shiru, ki bar shi da shirunsa, ki dawo washegari ki gaishe shi kamar kullum. Tsinken da kika zare ki kai masa, nata ne, hannunta ya daɗe a kansa. Idan da kansa ya tambaya ina zaren ya tafi, sannan ki gaya masa a jikin wa yake.

Sauran kayan kuma ki ci gaba da amfani da su, amma kafin ki ƙara sa almakashi ko ki ja zare, ki shimfiɗa su ki kira Baba da 'yan'uwanki kowa ya duba. Wataƙila akwai wani ƙyalle da wani ke kewa ya kasa faɗa.

Kina tsoron idon da zai dube ki da shi. Ni na ga iyaye da yawa, 'yata. Wannan kallon na kwana biyu ne. Rigar ta riga ta tafi, amma har yanzu yana da 'yar da idan ya tambaye ta abu yake samun gaskiya, kada ki haɗa masa rashi biyu.

Allah ya jiƙan Mama, ya ba Baba haƙuri da tsawon rai, ya raya tagwaye, ke kuma ya sa wa hannunki albarka.

Antinku